Yaro Ɗaya, Rahoto Takwas: Yadda Malamai Suka Kalli Laifin Wani Ɗalibin Sakandare

Abin da ya faru a cikin ajin bai kai minti biyar ba, amma sai da kwamitin ladabtarwa na makarantarmu ya yi zama uku a kansa kafin a tsayar da magana. Ni ne sakataren kwamitin a wancan lokaci, saboda haka kowace takarda ta hannuna ta bi, kuma ni na rubuta abin da kowa ya faɗa a wajen zaman. Ba zan ambaci sunan makarantar ko na wani da abin ya shafa ba. Dalilin da ya sa na ga ya dace a rubuta lamarin shi ne ban taɓa ganin inda saɓanin malamai a kan abin da ake kira rashin ɗa'a ya fito fili kamar wannan karon ba, domin malamai takwas ne suka yi rahoto a kan yaro ɗaya, kuma wanda bai san ajin ba zai iya rantsewa cewa yara takwas ake magana a kansu.

Yaron yana aji huɗu, shekararsa 16, a ajin da ke da ɗalibai 46. Ranar da abin ya faru darasin lissafi ne na ƙarshe kafin a tashi. Malamin ya rubuta tambaya a allo, ya kira sunansa ya fito ya warware ta, amma bai motsa ba. Da aka sake kiransa, sai ya ce, kansa a sunkuye, "Malam, ban iya ba." Malamin ya ce ya fito ya yi iya abin da ya sani, za a taimaka masa da sauran. A nan ne yaron ya ɗago kai ya ce da murya mai ƙarfi, "Malam, ai ka san ban iya ba, don me kullum ni kake kira?" Ajin ya kwashe da dariya, wasu har da buga tebur. Malamin ya umarce shi ya miƙe tsaye. Ya miƙe, sai dai jakarsa ya ɗauka ya fice, ya bugo ƙofa da ƙarfin da sai da malamin ajin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ya ga ko lafiya.

Washegari rahoton malamin lissafi ya iso, shafi ɗaya da rabi, an rubuta shi da hannu mai kyau kamar yadda ya saba. Kalmar da ta fi yawa a ciki ita ce "raini". Ya nemi a dakatar da yaron na mako biyu, ya kuma ce ba zai yarda ya sake zama a darasinsa ba sai ya nemi gafara a gaban ajin. Mataimakin shugaban makaranta, wanda shi ne shugaban kwamitin, ya ce kafin a yanke hukunci mai nauyi irin wannan, kowane malamin da ke koyar da yaron ya rubuto abin da ya sani game da halinsa. Ta haka takardu takwas suka taru a gabana.

Abin da takardun suka ƙunsa

Malamin lissafi ya haura shekara ashirin yana koyarwa, kuma ba mutum ne mai saurin kai ƙara ba. A zama na farko ya yi bayani cikin natsuwa cewa maganar yaron ba ta dame shi kamar dariyar da ta biyo baya ba. A cewarsa, malami ba da ɗalibi ɗaya yake magana ba ko da sunan mutum ɗaya ya kira, domin sauran 45 ɗin suna kallo, suna auna abin da za su iya yi gobe su kwana lafiya. Ya ce idan aka bar wannan ya wuce, darasin da ajin zai ɗauka ya fi duk lissafin da ya koyar a zangon tasiri. Na san wasu za su ɗauki wannan a matsayin kare girma kawai, amma akwai gaskiya a ciki wadda masu bincike ma sun gani. Jacob Kounin, wanda ya yi nazarin yadda ake tafiyar da aji a Amurka, ya nuna cewa tsawatarwar da aka yi wa ɗalibi ɗaya tana shafar halin waɗanda suka shaida ta, kamar yadda ruwa ke motsi har gefe idan an jefa dutse a tsakiya. Sai dai binciken nasa da ya fito a 1970, bayan ya kalli darussa masu yawa da aka ɗauka a faifan bidiyo, ya ƙara wani abu da malamin lissafi bai ambata ba, wato abin da ya fi bambanta malaman da ajinsu ke tafiya lafiya da sauran shi ne abin da suke yi kafin rikici ya tashi, fiye da irin hukuncin da suke yi bayan ya tashi.

Malamar bayoloji kuwa layi huɗu kacal ta rubuta. Ta ce ba ta da wata matsala da shi, shi ne yake raba kayan gwaji a ɗakin kimiyya kuma shi yake wanke su ya jera, bai taɓa fasa ko da kwalba ɗaya ba. Malamin wasanni ya kira shi shugaba, ya ce idan ana son yara su yi layi cikin sauri, shi ake faɗa wa. Wani dattijon malami da ke koyar da ilimin ƙasa ya rubuta cewa matsalar daga gida take, yaro ne da ba a kwaɓa shi tun yana ƙarami ba, ya kuma rufe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da na tambaye shi a gefe ko ya san gidan yaron, ya ce bai taɓa ganin iyayensa ba, amma irin wannan hali ba ya ɓuya. Na riƙe wannan amsa a raina, domin ita ce hanyar da yawancinmu muke bi ba tare da mun lura ba: idan ɗalibi ya yi laifi, hankalinmu yakan fara zuwa ga halinsa, sannan ga gidansu, kuma da wuya ya zo kan darasin da muke bayarwa a lokacin da abin ya faru.

Takardar da ta fi tsaya mini ita ce ta malamar adabi. Ba ta taɓa kai ƙararsa ba ko sau ɗaya, sunansa bai fito daga hannunta a littafin laifuka ba, amma ta rubuta cewa a duk ajin babu wanda yake gajiyar da ita kamarsa. Ba ya zaginta, ba ya ƙin bin umarni kai tsaye. Surutu ne kawai: ya yi raɗa da na kusa da shi, ya amsa tambayar da ba shi aka yi wa ba, ya yi tari na ƙarya daidai lokacin da wani ya fara karatu, ya jawo kujera ta yi ƙara. Ta ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yi ƙanƙanta a rubuta masa rahoto, domin idan ta je ofis ta ce yaro ya yi tari, dariya za a yi mata, amma idan aka tara su, sukan cinye mata kusan kwata na kowane darasi. Ta ƙare da cewa da a ce sau ɗaya ya bugo mata ƙofa ya fita, da ya fi mata sauƙi.

Wannan kuka nata tsoho ne a aikin koyarwa. Lokacin da aka damu a Ingila a ƙarshen shekarun 1980 cewa tarzoma ta yi yawa a makarantu, an kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Elton, wanda ya miƙa rahotonsa a 1989. Abin da malamai suka faɗa wa masu binciken shi ne kai wa malami hari abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma abin da ke cin su kullum shi ne ƙananan abubuwa masu maimaituwa, musamman magana ba tare da izini ba da hana wasu yin aikinsu. Binciken TALIS na shekarar 2018, wato tambayoyin da ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe da ake kira OECD take yi wa malamai a kan aikinsu, ya nuna cewa malaman ƙananan azuzuwan sakandare a ƙasashen ƙungiyar suna kashe kimanin kashi 13 cikin 100 na lokacin darasi wajen tabbatar da natsuwa a aji. Duk da haka, tsarin ladabtarwa a makarantu da yawa, har da tamu, an gina shi ne don babban laifi mai aukuwa sau ɗaya. Akwai takardar da ake cikawa idan an bugo ƙofa, babu ta tarin ƙarya sau talatin.

Sabon malamin tarihi, wanda bai cika shekara da fara aiki ba, ya rubuta cewa yaron "yana da ɗan wasa amma babu damuwa". Bayan zaman farko ya same ni a ɗakin malamai lokacin da babu kowa, ya ce, "Malam, abin da na rubuta ba shi ne gaskiya ba." Ashe tun farkon zango yaron ya mayar da darasinsa dandalin barkwanci, amma ya ɓoye, don yana tsoron a ce bai iya riƙe aji ba alhali bai gama lokacin gwaji ba. Shi kaɗai ne a cikin takwas ɗin ya ɗora laifin a kan kansa, kuma ya ɗora shi fiye da ƙima, har yana tunanin ko aikin bai dace da shi ba. Daga ranar na daina ɗaukar littafin laifuka a matsayin madubin abin da ke faruwa a azuzuwa. Abin da yake nunawa shi ne wanda yake da ƙarfin halin kai ƙara, da irin laifin da ake ganin ya isa a kai.

Abin da ya fito da aka tona

Tsakanin zama na farko da na biyu, shugaban kwamiti ya sa ni na duba fayil ɗin yaron tun shigowarsa. Sau bakwai aka rubuta sunansa a cikin shekara biyu, kuma biyar daga ciki a darasin lissafi ko na fiziks ne. Da na bi bayanin kowanne, sai na ga huɗu sun faru ne a daidai lokacin da aka ce ya fito allo ko ya ba da amsa a gaban aji. Rajistar aji biyu ta nuna cewa ya yi kusan mako bakwai ba ya zuwa saboda jinya, kuma a tsarin karatun wannan zangon, a makonnin ne aka kafa tushen aljabara. Malamar ba da shawara ta zauna da shi ta ba shi wasu tambayoyi na aji biyu, ya kasa cire lamba mai alamar ragi daga wata, ya kuma rikice da zarar harafi ya shigo cikin lissafi. Ya shekara biyu yana kwafar aikin gida daga abokai, yana tsallake jarrabawa da ƙyar. Da ta tambaye shi dalilin da ya sa bai taɓa faɗa ba, sai ya ce gara a ce masa marar kunya da a ce masa daƙiƙi, domin marar kunya ana tsoronsa, daƙiƙi kuwa dariya ake yi masa.

Da aka karanta wannan a zama na biyu, na ga fuskoki sun sauya. Malamar bayoloji ta ce dama ruwa ba ya tsami banza. Masanin halayyar ɗan Adam Bernard Weiner ya daɗe da bayyana abin da ya faru a ɗakin nan: idan muka ɗauka mutum yana da iko a kan abin da ya jawo gazawarsa, fushi muke ji kuma hukunci muke nema, idan kuma muka ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, tausayi muke ji mu nemi taimaka masa. Aikin da yaron ya yi bai canja ba, ƙofar da ya bugo ita ce dai, amma da dalilin ya tashi daga "ya ƙi" ya koma "ya kasa", rabin kwamitin ya sauka daga batun dakatarwa.

A nan ne malamin lissafi ya nemi izinin magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da abin da ban sa a rahoto ba." Ya fito da ƙaramin littafinsa ya nuna cewa tun zangon da ya wuce ya gane yaron yana da giɓi, ya kira shi shi kaɗai har sau biyu ya ce ya riƙa zuwa bayan an tashi su yi minti ashirin tare, kuma sau biyun yaron ya amsa da to amma bai zo ba. Ya ce kiran da yake yi masa zuwa allo ba don ya kunyata shi ba ne, tambayoyi masu sauƙi yake zaɓa masa don ya samu ya yi nasara sau ɗaya a gaban abokansa. Don haka, a ganinsa, maganar "ya kasa" ba ta wanke yaron ba, tunda an miƙa masa hannu ya ƙi kamawa. Ɗakin ya yi shiru, domin waɗanda suka riga suka mayar da malamin azzalumi a zuciyarsu sai da suka sake lissafi. Ni kaina na yarda cewa niyyarsa mai kyau ce, amma na faɗa a wajen, kuma har yanzu ina kan haka, cewa tambayar da malami yake gani mai sauƙi ita ce ta fi tsorata yaron da ke da giɓi, domin kasa mai wuya ba abin kunya ba ne, kasa mai sauƙi kuwa a gaban mutum 45 shi ne ainihin abin da ya shekara biyu yana gudu.

Akwai kuma wani abu da masu tausaya masa ba su so ji ba. Biyu daga cikin laifuka bakwai ɗin ba su da alaƙa da lissafi ko allo. Akwai wani ƙaramin yaro a ajin mai in'ina, wanda ɗalibin namu yake kwaikwayon maganarsa, har ta kai yaron ya daina ɗaga hannu gaba ɗaya. Tarin ƙaryar da malamar adabi ta ambata ma, da aka bincika, yawanci lokacin da wannan yaron ya fara karatu ne. Malamar bayoloji ta yi ƙoƙarin cewa duk daga ciwo ɗaya ne, wanda ake yi wa dariya yakan nemi wanda zai yi wa. Wataƙila haka ne, amma shugaban kwamiti ya ce sanin dalili ba ya rage wa wanda aka cuta zafi, kuma makaranta tana da haƙƙin yaro mai in'ina a wuyanta daidai da na wancan. Na ga yadda tausayi ma yake iya rufe ido kamar yadda fushi yake yi, domin duk wanda ya riga ya yi wa yaro suna, mai kyau ko marar kyau, abin da ya dace da sunan kawai yake tsinta.

Wannan batu na suna shi ne ya fi tayar mini da hankali a duk lamarin. A 2015 Jason Okonofua da Jennifer Eberhardt na Jami'ar Stanford a Amurka sun ba malamai bayanin ƙananan laifuka biyu na ɗalibi ɗaya, suna canja sunan ɗalibin kawai zuwa wanda ake danganta shi da baƙar fata ko farar fata. A laifi na farko babu wani bambanci sosai, amma a na biyu malaman sun fi saurin ganin yaro mai sunan baƙar fata a matsayin fitinanne, sun kuma nemi hukunci mafi tsanani. Launin fata matsalar can ce, amma hanyar da abin ke bi ta ko'ina ce: laifi na biyu yakan daina zama abin da yaro ya yi, ya koma abin da yaro yake. A fayil ɗin ɗalibinmu, rahoto na farko ya ce "ya ƙi fitowa allo", na uku ya ce "yana da taurin kai", na shida ya ce "gagararre ne". Okonofua da wasu abokan aikinsa sun sake wani gwaji da aka wallafa a 2016, inda malaman lissafi suka yi ɗan gajeren nazari ta intanet a kan muhimmancin fahimtar ɗalibi da riƙe dangantaka da shi ko a lokacin hukunci, kuma yawan dakatarwa a tsakanin ɗalibansu ya sauka daga kashi 9.6 zuwa kashi 4.8 cikin 100. Ba a ce musu su daina hukunci ba, abin da aka taɓa shi ne yadda suke kallon wanda suke hukuntawa.

Hukuncin da abin da ya biyo baya

A zama na uku dattijon malamin ilimin ƙasa ya ce a zamanin da ya fara aiki bulala biyu ta isa ta gama wannan magana kafin a tashi. Makarantar ta daɗe da ajiye bulala, don haka ba a tsaya a kan batun ba, sai dai shugaban kwamiti ya tunatar da cewa Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 28, ta ce a gudanar da ladabtarwa a makaranta ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin yaro ba, a sashe na 12 kuma ta ba shi haƙƙin a ji ta bakinsa a abin da ya shafe shi. Sai a lokacin muka lura cewa mun yi zama biyu cur muna magana a kan yaron ba tare da ya shigo ɗakin ba. Aka kira shi tare da mahaifiyarsa, wadda ta tabbatar da maganar jinyar, ta kuma ce ba ta taɓa sanin yana da matsala a lissafi ba tunda sakamakonsa bai taɓa nuna ya faɗi ba. Dattijon da ya ce ba a kwaɓarsa a gida bai ce komai ba lokacin da ta juya ta ja wa ɗanta kunne a gabanmu har idonsa ya cika da hawaye.

Gardama mafi tsawo a kan neman gafara aka yi ta. Malamin lissafi ya dage cewa abin da aka yi a bainar jama'a a nan ake gyara shi. Malamar ba da shawara ta ce tsayar da shi a gaban ajin shi ne maimaita abin da ya haifar da rikicin. Daga ƙarshe yaron da kansa ya warware, ya ce zai iya ba da haƙuri a gaban aji a kan bugun ƙofa da ɗaga murya, muddin ba za a faɗi maganar giɓin karatunsa ba. Aka soke dakatarwar mako biyu, aka mayar da ita kwana uku a cikin makaranta, yana zaune a ɗakin karatu yana bitar lissafin aji biyu. Malamin ya amince zai riƙa ba shi tambayar da zai kira shi a kanta tun kwana ɗaya kafin darasi, shi kuma zai riƙa zuwa ƙarin darasin da ya guje wa sau biyu. Batun yaro mai in'ina aka ware shi daban, aka yi masa gargaɗi a rubuce, aka kuma raba musu wurin zama.

Sakamakon bai zo daidai a ko'ina ba. A lissafi ya halarci yawancin ƙarin darussan, kuma kafin ƙarshen zango ya fito allo sau uku ba tare da rikici ba, ko da yake makinsa bai wuce matsakaici ba. Kwaikwayon in'ina ya tsaya. Surutu a darasin adabi ya ragu na makonni kaɗan sannan ya dawo, kuma malamar ta ci gaba da fama da shi ba tare da takardar da za ta cika ba. Sabon malamin tarihi ya samu wani babban malami da yake shiga ajinsa sau ɗaya a mako, abin da ya kamata a yi masa tun ranar da ya fara. Mun kuma canja takardar rahoto, muka raba ta gida biyu, ɗaya don abin da malami ya gani ko ya ji da kansa, ɗaya don abin da yake zato ya jawo. Malamin lissafi ya karɓi sabuwar takardar ba tare da gardama ba, amma har yau yana ganin cewa raini abu ne da ake gani da ido, ba zato ba ne, kuma mun sha tattauna wannan da shi ba tare da ɗayanmu ya sauka ba.

Akwai abin da na ci karo da shi a rajistar ajin lokacin da nake bin kwanakin yaron, wanda ba ya cikin aikin da aka ba ni. Wata yarinya da ke zama a layin ƙarshe ta yi fashin kwana 19 a zangon, makinta ya faɗi a kusan kowane darasi, kuma sunanta bai taɓa shiga littafin laifuka ba. Tun a 1928 wani mai bincike a Amurka, E. K. Wickman, ya kwatanta yadda malamai da masu kula da lafiyar tunanin yara suke jera matsalolin hali gwargwadon muninsu, ya ga malamai sun fi ɗaukar sata da rashin biyayya da tayar da hankalin aji da nauyi, yayin da su kuma likitocin suka fi damuwa da yaro mai janye jiki, mai tsoro, wanda ba ya shiga mutane. An soki binciken da cewa ba tambaya iri ɗaya aka yi wa ɓangarorin biyu ba, domin malamai an tambaye su abin da ke damun aji yanzu, likitocin kuma abin da zai cuci yaro nan gaba, kuma sukar tana da tushe, tunda malamin da ke gaban yara 46 dole ya fara da wutar da ke ci. Amma yarinyar ta fi yaron nisa a cikin matsala, kuma mu da muka ba shi zama uku ba mu ba ta ko minti ɗaya ba, saboda ba ta taɓa hana kowa koyarwa ba.

Na kawo sunanta a zaman kwamiti na gaba, a ƙarƙashin sauran batutuwa, domin babu wani gurbi a ajanda da ya dace da ita. A cikin malamai takwas ɗin da suka rubuta rahoto a kan yaron, uku sai da aka kwatanta musu inda take zama kafin su tuna fuskarta. Malamar bayoloji ta ce za ta neme ta washegari, na rubuta haka a littafin zama, amma da ta je ajin da safe kujerar yarinyar babu kowa, sai ta karɓi lambar wayar gidansu daga ofis.